Allon Malam Sabo da Almakashina

Zuwa ga Shugaban masu gyaran waya na Birnin Kudu da Gwaram,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Yaya haƙuri da jama'a? Sunana Hauwa'u, daga Wurno, sana'ata ɗinkin hula. Ni ce matar marigayi Malam Sabo, Allah ya jiƙansa. Sau biyu na zo rumfarka, sau biyu aka ce ka tafi Kano sayo kaya. Shi ya sa na rubuta a fili, in kai ba ka gani ba wani zai gani ya gaya maka.

Maganar a kan babbar wayar nan ce mai faɗi da kuke kira tab. Marigayi bai taɓa kiranta haka ba, allo yake cewa, ni ma da allo zan ci gaba. Ya saye shi ne da idonsa ya fara rauni, don ya riƙa karatun Alƙur'ani da manyan baƙaƙe. Wata safiya ya so ya ɗauki muryarsa yana tilawa. Ya danna wurin ɗauka, sai ya tuna ba ya karatu ba hula, ya ajiye allon a tabarma ya tashi nema. Allon kuwa ya ɗauke duk hayaniyar gidanmu: shi yana cigiyar hula, akuya tana kuka, ni ina yi masa faɗa daga madafi. Da ya kunna mini na ce ya goge, don muryata ta fito kamar ta mai rigima a bakin rijiya. Ya ce ai shaida ce, zai ajiye. Bayan girbi zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ban da wannan ɗaukar, ba ni da muryarsa a ko'ina. Ina roƙo ka riƙe wannan a ranka kafin ka yi dariya, don na san za ka yi.

Na ɗaya, fashewar gilashin. Wannan ba laifin mutanenka ba ne. Ranar sadakar uku yayar marigayi, Yaya Asabe, ta zo daga Basirka. Mace ce da Allah ya yi wa jiki. Ta shigo ɗakina tana kuka, ta zube a kan katifa daidai inda na rufe allon da mayafi. Muka ji ƙas. Ta ce ƙashin bayanta ne, ya saba, ta ci gaba da kuka. Da aka watse na ɗaga mayafin, na tarar gilashin ya yi tsaga kamar gonar fadama da rani. Yana kunnuwa, amma zanen da Malam ke yi da yatsa a kan ɗigo tara kafin ya buɗe ba ya cika, tsagar ta raba shi biyu.

Na biyu, ina cikin takaba. Ka san yadda take a wurinmu: wata huɗu da kwana goma ba fita sai da lalura, kuma manyan gida suka yanke cewa gyaran allo ba lalura ba ne. Ƙanena Isiyaku, direba a hanyar Gwaram zuwa Kano, ya ce in ba shi ya kai muku. Na ƙi. Ban yarda allon ya kwana a wani wuri ba ni ba. Na tambaye shi ko akwai mace mai gyara da za ta shigo gida. Ya zagaya garuruwan nan biyu bai samu ko ɗaya ba. Sai ya ɗauki hoton bayan allon, ya sayo mini sabon gilashi daidai da shi.

Na uku, gyaran da na yi, kuma ba zan ɓoye komai ba. Isiyaku ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wani mutum ne da ba a ganin fuskarsa sai hannayensa, yana magana da yaren da Isiyaku ma, duk yawonsa, bai gane ba. Na ce ba komai, ɗinkin hula ma da ido na koya. Mutumin ya hura wa gefen allonsa iska mai zafi da wani inji. Ni na zuba garwashi a dutsen guga, na shimfiɗa zane, na bi gefe-gefe a hankali kamar mai gugar wuyan riga. Ya sa wani ɗan roba ya ɓanɓare, ni na sa tsinken tsifar kai. Tsohon gilashin ya fito guntu-guntu, ban ma lura da abin da ya biyo shi ba. Ana nan sai aka kira Isiyaku, wai mota ta cika fasinja suna zagi. Ya fizge wayarsa ya fita, bidiyon bai kai ƙarshe ba.

Da na ɗora sabon gilashin ya zauna daram, sai dai wani ɗan siririn ribon ruwan goro, tsawon yatsa, yana reto a gefe. Ranka ya daɗe, tun ina budurwa nake ɗinki, ban taɓa miƙa wa mutum hula da zare yana reto ba. Na ɗauko almakashi na datse shi daidai baki, ko a hula ban taɓa yanka mai kyan wannan ba. Guntun na sa shi a gwangwanin allura, don mai ɗinki ba ta zubar da ƙyalle. Gam kuwa ban da shi, sai na tuna da sholishon da Malam ke facin kekensa da shi. Na shafa a wadace, na manna, na ɗora kwano cike da gero a kai har la'asar.

Na kunna. Sai ga Malam. Hoton da ke fuskar allon shi ya ɗauki kansa bisa kuskure, daga ƙasa, hanci da gemu da rabin hula, ya ɗaure fuska yana neman wurin dannawa. Tun fashewar nan ban ga fuskarsa ba tsaga ba sai ranar. Na yi hamdala, na sa yatsa. Shiru. Na sake. Shiru. Ga mutum a gabana tas, na taɓa ba ya motsi.

Na huɗu, abin da na gwada, don kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Na wanke hannu da sabulu. Na gwada yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan ƙarami. Na kashe na kunna har na gaji. Na aika da batirin hasken rana aka cika, na yi masa caji har ya ƙoshi. Maƙwabciyata Inna Laraba ta ce ta ji ana binne waya a shinkafa ta warke. Shinkafarmu ta ƙare wajen ciyar da 'yan gaisuwa, sai na binne shi a gero kwana uku. Ya fito da dusa a kunne, halinsa na nan. Wata ta ce yatsan mai shi kaɗai ya sani, na ce ai da ransa ni nake buɗe masa in ya manta zanen. Da Yaya Asabe ta dawo sadakar arba'in, na kawar da shi daga katifa tukuna, sannan na nuna mata. Ta dube shi ta ce allon ma takaba yake yi, a bar shi ya cika kwanakinsa. Na yi dariya a lokacin. Amma gaskiya, ranar da na fita takaba, bayan na yi wanka na sauya kaya, kafin in gaisa da kowa sai da na je na taɓa shi. Ko gezau.

Na biyar, kuma a nan kukana yake, mutanenka uku.

Na farko yana da rumfa kusa da tasha a Birnin Kudu. Bai ɗago kai daga wayarsa ba ya ce filashin za a yi. Na ce mene ne filashin? Ya ce wanke shi za a yi tas, ya koma kamar sabo. Na ce akwai murya a ciki. Ya ce ita ma za ta tafi, sai in sake ɗaukar wata. Ranka ya daɗe, a ina zan sake ɗauka? Na naɗe allona a mayafi na fito.

Na biyu ya kai allon hancinsa ya shinshina, ya tambaye ni ko wurin mai faci na fara kai shi. Ya ce shi ba ya taɓa abin da aka riga aka buɗe, amma in ina so zai yi mini filashin. Na fara zaton a sana'arku filashin kamar jiƙon saɓara ne a wurin tsofaffi, kowace cuta shi ake bayarwa.

Na uku a Gwaram yake, Isiyaku ya kai ni. Wannan ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya haska gefen da tocila ya ce, ina fileks ɗin tachi? Da ya kwatanta mini, na ciro gwangwanin allura daga jaka na miƙa masa. Ya bayyana mini cewa wannan ribon shi ke kai wa cikin allon labarin an taɓa gilashi, soka shi ake yi a wani ɗan rami, ba yankewa ba. Har nan na gode. Amma sai ya kama dariya har hularsa ta faɗi, ya kira maƙwabtan rumfa su zo su gani, ya ɗauki hoton guntun a tafin hannunsa. Yanzu hoton yana yawo a wayoyi, an rubuta masa Injiniya mai almakashi. Har Basirka ya kai, Yaya Asabe da ta fasa gilashin da kanta ta aiko mini da jaje. Daga ƙarshe ya ce sai an sake wani gilashin, kuma sholishona ya kama yadda in aka ɓanɓare fuskar ciki ma za ta iya tafiya, shi bai ɗauki alhakin abin da ke ciki ba. Shi ma bai tambayi mene ne a cikin ba.

Na shida, wadda ta taimake ni ba 'yar ƙungiyarku ba ce. Jikin rumfar akwai shagon wata mata mai buga takardu da kwamfuta, Malama Rahila, Kirista ce daga kudancin Bauchi. Ta ga na fito ina goge ido da bakin mayafi, ta kira ni, ta ba ni ruwa. Ita ce mutum ta farko da ta ce, Yaya, me ke cikin allon? Na gaya mata. Ta cire linzamin kwamfutarta, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, ta haɗa shi da wata guntuwar waya irin ta caji, ta soka a ramin cajin allon. Sai ga wata 'yar kibiya ta fito a kan gemun Malam tana yawo. Ta ce in zana zanen da linzamin. Kibiyar ta gudu lungu sau biyu. A na uku ta ɗora hannunta a kan nawa, muka ja tare. Allon ya buɗe.

Ta nemo ɗaukar ta kunna. Aka fara jin motsin tabarma, da tarinsa, da akuya. Sai muryarsa ta ce, Hauwa, ina hulata? Wallahi ban san sanda bakina ya buɗe ba, a tsakiyar shagon mutane, na ce, tana kanka, Malam. Ni da muryata ta cikin allon muka faɗa tare, ba wadda ta riga wata. Sai dariyarsa ta biyo. Malama Rahila ta juya wajen injin takardu ta ce wai takarda ta maƙale, ta daɗe tana cire ta. Bayan nan ta kwafe mini muryar a wayata da ta Isiyaku da wani ɗan katin memori da na ɗinka wa jaka.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka gaya wa mutanenka, kafin su ambaci filashin su tambayi mai kaya abin da ke ciki. Tambayar ba ta cin lokaci. Da na farko ya tarar da ni a ranar da na gaji, da na ce masa yi kawai.

Kowace rumfa ta ajiye linzamin nan da guntuwar wayarsa. Abin da mai buga takardu ta sani, bai kamata a ce mai gyara bai tuna da shi ba.

Ku koya wa mata aikin nan, ko biyu ne a kowane gari, masu shiga gida. Akwai masu takaba, akwai masu jego, akwai tsofaffi. Da akwai mace ɗaya da zan kira, da almakashina bai fita daga kan hula ba. Ni ma in za a koyar zan zo, hannun mai ɗinki gare ni.

Hoton nan kuma a daina yaɗa shi. Na yafe wa mai rumfar Gwaram. Hularsa da ta faɗi na ga ta tsufa, in ya aiko da awon kansa zan ɗinka masa sabuwa, kuma zan bar masa zare ɗaya yana reto, tunda shi ya koya mini ba a yankewa.

Allon kuwa ba na neman a gyara shi yanzu. Yana nan a kan akwati da warin sholishonsa, Malam yana hararar duk wanda ya shigo. Kowace safiya in na ɗora koko nakan kunna ɗaukar a wayata, ya nemi hularsa, in gaya masa inda take. Faɗan nan nawa da na ce ya goge, yanzu har shi nake saurara, don da ban yi faɗan ba da bai yi dariyar ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a sana'arku, ya tsare hannuwanku daga goge abin da ba ya dawowa. Allah ya saka wa Malama Rahila da alheri. Ya jiƙan Malam Sabo da iyayenmu da duk waɗanda suka riga mu.

Taka mai girmamawa,
Hauwa'u mai ɗinkin hula, Wurno.

Wassalam.