Kada a Kira Felsi Gida

Ni ce Kuminah 'yar Sompil, matar marigayi Guntabid, ta ƙauyen Tomisan da ke gindin Dutsen Kinabalu. Da hannuna nake rubuta wannan takarda, shi ya sa za ku ga haruffan manya-manya, sun karkace gefe guda. Hankalina yana jikina. Na san yau Laraba ce, na san kajina goma sha ɗaya ne har da gurguwar, na kuma san wanda ya shanye zumar da aka kawo mini dubiya. Mai gari da shugaban tagal, wato tsarin garinmu na kare kifin kogi, suna zaune a baranda, suna jira in gama su sa hannu. Likita ya ce ciwon da ke cikina ya yi nisa, da wuya in ga girbin shinkafa. Ban yi masa musu ba, don na riga shi sani.

Da ku uku nake magana: Jaikol babbana, Maurin mai bi masa, da autata Felsi da ke jami'a. Yau za a karanta wa Jaikol da Maurin ina zaune, a ɗauki hoton takardar a aika wa Felsi ta waya. Ban yarda a jira sai na mutu ba, ina so in ga fuskar kowa lokacin da ake karantawa.

Na ɗaya. Gidan nan da gonar shinkafa ta gangare na Maurin ne. Ita ke juya ni, ita ke yi mini wanka, ita ke shan masifata safe da yamma ba ta taɓa mayar mini da magana ba, sai dai in ta shiga kicin ta gaya wa tukwane. Maurin, ina jin ki, kuma na yafe.

Na biyu. Ɓaunayen noma biyu da gonar kabeji da addar babanku na Jaikol ne.

Na uku, kuma nan ne za a fara ɓata rai. Filin sama, wanda hanyar magangarar ruwa ta ratsa, ba na kowa ba ne shi kaɗai, na ku ukun ne. Ba za a raba shi ba, ba za a sayar ba, ba za a ba da hayarsa ba. Na san mutanen kamfanin nan masu fararen takalma sun zo sau uku, suna son hayar shekara talatin, su gina ɗakunan baƙi a bakin ruwa. Na san Jaikol ya goya musu baya. Ranar da suka tafi ya ce mini, "Inna, filin nan me yake ba mu in ban da sauro da matsattsaku? Ki bari mu ma mu sha iska." Ga amsata yanzu.

Kun san yadda muke yi da koginmu. Inda tagal ya kafa koren allo kowa na iya jefa ƙugiya, inda ya kafa rawaya sai ranar da gari ya ba da izini, inda ya kafa ja kuwa babu mai taɓa kifi ko ɗaya, don a nan suke hayayyafa. Wanda ya karya, ya biya sogit, dabbar da ake yankawa a sanyaya zuciyar gari. Makon jiya na sa an kai ni gaban dattawan tagal a kan kujera, na roƙe su su kafa wa filina jan allo, suka kafa. Jaikol zai ci gaba da kai baƙinsa ƙalilan 'yan yawon buɗe ido magangarar ruwan ranar Asabar kamar yadda ya saba. Amma babu sare itace, babu haƙa rami, babu sa hannu a takardar kowa, har ranar da Felsi za ta dawo da karatunta cikakke. Sogit ɗin wanda ya karya ɓauna ce guda. Jaikol, ka lura ɓaunayen da na ba ka biyu ne kacal.

Za ku ce tsohuwa ta yi taurin kai. E, na yi. Bari in gaya muku inda na samo shi, don ku biyun kun san rabin labarin ne, Felsi kuwa tana goye a bayana lokacin.

Babanku ɗan jagora ne a wani kamfani da ke kai baƙi wanka a kogin kwarin yamma. Ya san ruwa. In ya ga ruwan ya fara komawa kalar shayi mai madara, busassun ganye na gangarowa da yawa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi alhali sama garau take, to ya san an yi ruwa a can saman dutse, kuma ambaliya tana hanya. Ranar nan ya ga duk alamun uku. Ya gaya wa manajan, wani saurayi ɗan birni mai takardar makaranta, ya ce a fitar da baƙi. Manajan ya duba sama, ya duba agogonsa, ya ce, "Baba, ka bar camfi. Saura minti arba'in a jadawali." Babanku ya fitar da mutum shida da hannunsa. Ya koma ya ciro ta bakwai, ya tura ta kan dutse, ruwan ya tafi da shi. Sai bayan kwana biyu aka same shi.

Mutanen kamfanin da yake wa aiki suka zo da takarda, suka ce ta jaje ce, na dangwala yatsa. Ban iya karatu ba a lokacin. Shekara tara bayan haka, da na shiga ajin manya a coci, takardar da na fara karantawa da kaina ita ce wannan. Abin da ke ciki shi ne, ma'aikaci Guntabid bai bi ƙa'idar aiki ba, kuma matarsa ta amince da haka. Ga yatsana a ƙasa. Har gobe in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, kuma ban taɓa huce wannan fushin ba.

Shekara ashirin da shida na yi ina dako a dutsen nan. Na hau da tukwanen gas, da buhunan shinkafa, da katifa, har da wata mata da ƙafarta ta gurɗe. Duk tsawon shekarun abu ɗaya na gani: mu muka san dutsen, mu muka san ruwan, amma mai takarda ne ke cewa a tafi ko a tsaya. Na yi rantsuwa sai gidan Guntabid ya fitar da wanda zai haɗa biyun, ya san ruwan kuma ya riƙe takardar, yadda in ya ce a fitar da baƙi babu mai duba agogo.

Na huɗu. Karatun Felsi. Na gaji da jin ana kiransa digirin yawo. A bikin girbin da ya wuce, Jaikol ya ce mata a gaban mutane, "Auta, yawo ma sai an je jami'a? Zo in ba ki digirinsa kyauta, gobe ki bi ni da kwando." Aka yi dariya, har da ni, don maganar ta zo daidai. Amma ku saurara. Karatun kula da wuraren shaƙatawa na daji da dutse da ruwa take yi, digiri na farko da na biyu a haɗe, shekara biyar. Ana koya mata baƙi nawa hanya za ta iya ɗauka kafin ta lalace, yadda ake ceto, yadda ake rubuta ƙa'idar da hukuma za ta sa wa hatimi. Binciken da take rubutawa a kan alamun ambaliya ne, irin waɗanda babanta ya sani, ta bi tsofaffin 'yan jagora ƙauye-ƙauye tana tambayarsu. Ta ci shekara huɗu da wata biyar. Saura wata bakwai.

Ga inda matsalar take. In ta bari yanzu, za su ba ta takardar farko su sallame ta, gurbinta a tsarin ya tafi ke nan, ba a komawa. Da takardar farko za ta samu aiki a ƙarƙashin wani. Da ta biyun ce za ta iya tsara filinmu da kanta, ta zauna teburi ɗaya da masu fararen takalma, ta ce musu a'a da harshen da suke ji. Ranar Lahadi ta kira ni tana kuka, ta ce, "Inna, na haɗa kayana. Takarda ɗaya ta ishe ni, uwa ɗaya gare ni." Na ce mata in ta sako ƙafa garin nan, da sanda zan tare ta a tasha, ko da rarrafe zan je.

Na biyar. Don haka, allon ja bai tsaya a fili ba, na sa an kafa wa Felsi ma. Dattawa sun yi dariya da farko, suka ce tagal na kifi ne, ba na 'yan mata ba. Na ce su nuna mini inda kakanninmu suka hana. Suka rasa, suka amince. Daga yau har ta miƙa bincikenta, babu mai kiranta gida. Ba don jinya ba, ba don na daina cin abinci ba, ba don jana'iza ba. Ku yi hira da ita, ku gaya mata gaskiyar halin da nake ciki in ta tambaya, ban ce a yi mata ƙarya ba. Kalmar "taho" ce kawai na haramta. In na tafi kafin lokacin, ku binne ni kusa da babanku, ku bar kabarin ba siminti, ta zo ta same shi da ƙasarsa.

Felsi, ke ma dokar ta hau kanki. In kika zo da kanki, kin karya, kuma ban yafe ba. Mun riga mun yi sallama, ko kin manta? A bikin girbi kin tsefe mini kai, muka ci shinkafa a ganye ɗaya, kika yi barci da kanki a cinyata da tsakar rana kamar 'yar yaye. Wannan ta ishe ni. Mutanen gari za su ce wace irin 'ya ce ba ta zo binne uwarta ba. Ki bar su da ni, shi ya sa na sa mai gari ya sa hannu, kowa ya san ni na hana.

Na shida. Jaikol, yanzu da kai nake, kuma ba faɗa ba ne. Kana shekara goma sha huɗu na cire ka daga makaranta bayan rasuwar babanka, na ɗora maka kaya. Kai ne ka fi kowa ƙoƙari a ajinku, malaminku har gida ya biyo ni yana roƙo, na rufe masa ƙofa. Da wuyanka aka ciyar da ƙannenka. Na san duk lokacin da kake tsokanar Felsi, ba ita kake jin haushi ba, ni ce, kuma kana da gaskiya. Na zalunce ka, ɗana. Ban taɓa faɗa da baki ba saboda girman kai, ga shi na rubuta a gaban shaidu. Ka yafe mini.

Ka kuma sani, idon babanku kai ka gada, ba Felsi ba. Ita ta san sunan abin a littafi, kai kake jin ƙamshinsa tun daga nesa. Ranar da za a buɗe filin, kai ne shugaban 'yan jagora, kuma ta rubuta a ƙa'idar wurin, a layin farko, cewa in ɗan jagora ya ce a fita daga ruwa, maganarsa ta fi ta manaja, ko da manajar ƙanwarsa ce. Gabar da ke tsakaninku tun bikin girbi ta ƙare yau. Kai ne babba, kai za ka fara kira.

Na bakwai. Igiyar goshina, wadda na yi dako da ita har ta bar mini wannan kwarmin a kai, ta Felsi ce. Kada ki taɓa ɗaura ta. Ki rataye ta a bangon ofishinki, bayan kujerarki, yadda duk wanda ya shigo da takarda yana neman yatsan wani zai gan ta. Takardar jajen nan tana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona, ki haɗa da ita.

Na takwas, kuma shi ne na ƙarshe. Na san wanda zai fara karya dokar nan, ba kuma Jaikol ba ne. Ni ce. Likita ya gaya mini yadda ƙarshen ciwon yake. Rana tana zuwa da zan riƙe hannun Maurin in ce a kira mini autata, zan yi kuka, zan yi roƙo, wataƙila har in tsine muku. Ku shafa mini kai, ku ba ni ruwa, ku ce to Inna, amma kada ku kira. Wannan da ke rubutu yau, mai hankalinta a jikinta, ita ce uwarku, maganarta za ku bi. Waccan ciwo ne zai yi magana da bakinta. Maurin tana da taushin zuciya, ba za ta iya ba, don haka wayata na miƙa wa Jaikol, kuma na san abu mai nauyi na sake ɗora masa.

Akuyar nan mai baƙin kunne da ke ɗaure bayan rumbu, sogit ɗina ce. Na riga na miƙa ta ga shugaban tagal, na biya tun kafin in yi laifin. Kada a yanka ta sai ranar da Felsi ta dawo da takardunta biyu. Ranar ku hau filin sama ku uku, ku cire jan allon tare, ku ci naman a faranti ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ƙafafunku a kan dutse, ya nuna muku ruwa kafin ya iso. Ku riƙe juna, kada baƙo ya shiga tsakaninku da takarda. Jaikol, ka kula da ƙannenka. Maurin, ki huta, kin yi. Felsi, ki kwance kayan nan da kika haɗa, ki share hawayenki, gobe kina da aji ƙarfe takwas.

Kuminah 'yar Sompil. Wannan karon na karanta kafin in sa hannu.