Afnan da Tekun Iska

Zuwa ga Yaya Munzali,

Gaisuwa mai ƙamshin ruwan fari. Yaya ƙafar Inna, yaya yara? Mu a nan ƙetare, garin College Park, lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

'Yarka Afnan ta fara karatun jiragen sama, eronotiks. Malaminta ya ce kalmar Girkanci ce: "aer" iska, "nautes" matuƙin jirgin ruwa, wato tuƙi a tekun iska. Kullum zancensa take, fuska cike da annuri. Na rera mata wani baiti da na tsara a kan shaho, ta ce da Turanci tana sauri.

Ban ce kishi nake ba, Yaya. Amma ni na raɗa mata suna, ba ta taɓa tambayata ma'anarsa ba.

A sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Yusha'u