Dakatarwar Raelene

Longreach

Warrick,

Bayan gaisuwa, ina fata kai da matarka Noela kuna lafiya. Mu dai muna nan, zafi kamar zai narkar da kwanon rufi.

Yau da safe saƙo ya zo mini daga shugabannin ƙungiyarmu ta tuƙin jirgin kwamfuta. Wai an dakatar da ni wata guda saboda "rashin ladabi ga mai ba jirage umarni". Na duba sunan wanda ya kai ƙara, sai ga Warrick Tuckwell. Sai da na goge tabarau na sake dubawa.

Kai ne ka roƙe ni in shigo layi da jirgina ranar Asabar, ka ce jarrabawarka ce, kana son jirage su cika sararin Brisbane don masu gwaji su ga ƙwarewarka. Na shigo. Ladan da na samu ke nan? Ko waya ba ka iya ɗagawa ka tambayi yayarka abin da ya faru?

Taka,
Raelene

Brisbane

Zuwa ga Raelene,

Gaisuwa mai yawa. Noela tana gaishe ki, a gaida Mama.

Tunda kin tambaya, bari in faɗa miki dalla-dalla. Layinki ya yanke kina cikin jerin masu sauka. Wannan ba laifi ba ne, kowa ya san intanet ɗin ƙauye. Amma doka a fili take: wanda ya yanke, in ya dawo, sai ya yi wa mai umarni magana, ya jira a sake ba shi wuri. Ke kuwa kika faɗo tsakiyar jerin ba ko sallama, daidai kan jirgin wani mutumin Auckland da na riga na sa a gurbinki. Na kira ki, na sake kira, na rubuta miki. Shiru. Jirginki ya miƙe, ya ratsa ta gaban masu tashi, ya nufi teku ba kowa a kansa. In uzuri ya taso, mutum yakan ce "zan tashi daga kujera", ko ya kashe layin. Sabon shiga ma ya san wannan.

Na ruɗe, jerin ya wargaje, na faɗi jarrabawar. Kin san tun muna yara aikin hasumiyar filin jirgi nake buri, raunin idona ya hana ni na gaske. Wannan ne kaɗai ya rage mini, kuma tun bara nake karatunsa.

Mai gwajin yana kallo, ya ce in rubuta rahoto. In na ƙi saboda sunanmu ɗaya, me za a ce?

Ki huta lafiya.
Warrick Tuckwell

Longreach

Ranka ya daɗe mai hasumiya,

Na gode da darasi. Har da sunan mahaifi ka sa hannu, kada in ɗauka wani Warrick ne.

Wuta ce ta ɗauke ta dawo. Da layin ya haɗu, abin sauraron da nake sawa a kunne ya ƙi aiki, muryarka ta fito ta lasifika, ta cika gidan. Mama na zaune a bayana da shayinta. Ta ajiye kofin ta ce, "Warrick ya iso." Na ce, "Mama, kwamfuta ce." Ta ce, "Ke dai ba ki taɓa son ya zo ba." Ina fama da igiyar abin sauraron in samu in yi maka magana, na waiga, kujera ba kowa, ƙofar baya a buɗe.

A bakin babban titi na same ta, ba takalmi, cikin wannan rana, tana ɗaga wa manyan motocin shanu hannu. Wai ka sauka daga bas, kayanka sun yi maka nauyi. Tafin ƙafarta duk ya sale. Da ƙyar ni da wani direba muka sa ta a mota, tana dukana tana cewa na bar ƙanena a hanya.

To gaya mini, a wane shafi na dokarku aka rubuta abin da zan fara yi? In tsaya in ce "zan tashi"?

Wannan jirgin shi ne kaɗai inda nake jin muryar babban mutum da ke gane abin da na faɗa. Shi ka rufe mini.

Raelene

Brisbane

Rae,

Ina gaisuwa. Na karanta saƙonki, na kasa cin abinci. Yaya ƙafar tata?

Na rubuta wa shugabanni na janye ƙarar. Sun ce tunda an riga an yanke hukunci sai kwamiti ya zauna, amma zan matsa musu.

Sai dai ke ma, Rae, kullum na kira cewa kike "muna nan dai". Ta yaya zan san ruɗewar tsufan Mama ta kai haka? Da Kirsimetin da na zo ai garau take, har ta gasa mana naman rago.

An ba ni damar sake jarrabawar a watan gobe. Ina gamawa zan nemi hutu mu taho. Kafin nan, in kina ganin zai faranta mata, ki riƙa kunna lasifikar in ina kan aiki, ta ji ni. Ki dai kulle ƙofa tukuna.

Ƙaninki,
Warrick

Longreach

Warrick,

Mun gode da gaisuwa. Ƙafa ta warke.

Kirsimetin da kake faɗa ba na bara ba ne, ba kuma na bara waccan ba.

Kada ka wahalar da kwamiti. Na kwance sitiyarin da sauran kayan, na ba makarantar garin nan.

Ka zauna ka yi karatunka da kyau, ba sai ka yi gaggawar zuwa ba. Tun ranar nan Mama ta daina tambayarka. Ni take kira Warrick yanzu, ina kuma amsawa.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Raelene