Baba Ya Busa Bakin Bindiga

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Bindigar ta iso Jega yau, da takardar izininta. Baƙa wuluk, kamar wadda na riƙe shekara ashirin a soja: ka harba, ta ɗura wa kanta wani harsashin. Zubaida ta ce ko ranar aurenmu ban washe baki haka ba.

Don Baba na nemo ta. Tunda na bar gida na shiga soja bai taɓa cewa in bi shi farauta ba, ko sau ɗaya. Abin yana cina.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na kai wa Baba ita Jiga Makera. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya kalli tsohuwar bindigarsa ta toka. Wai, “Wagga taka mai surutu ta. Tawa magana guda takai, kuma ba ta ƙarya.” Ina miƙewa ya ce in fito da wuri ran Asabar, an ga gada wajen Maiyama. Da waƙa na tuƙo babur har gida.

Asabar, 11 ga Janairu

Gada biyu. Ta farko tasa ce, da ta toka. Ta biyun na roƙe shi ya gwada tawa. Harbi ɗaya, ta faɗi. Ina tsalle kamar ba mai jika ba.

Sai na ga ya juyo bakin bindigar zuwa bakinsa. Haka ya saba shekara hamsin: in ta toka ta tashi babu komai a cikinta, sai ya busa ya kashe sauran wuta kafin ya zuba albarushi. Tawa kuwa ta riga ta ɗura wani, ga kunamarta tana gogar ƙaya.

Na doke hannunsa. Hannun ubana.

Na zare gidan harsashin, na ja, guda ya faɗo ƙasa daga cikinta. Ya daɗe yana kallonsa.

Laifina ne. Kurata nawa na koya wa wannan, amma na ji nauyin koya wa Baba.

Lahadi, 12 ga Janairu

An sha farfesu har maƙwabta. Ni loma biyu kawai na iya haɗiya.

Laraba, 22 ga Janairu

Baba ya tara maharba tara gindin tsamiya, har da na Aliero. Na ɗauka zai tsire ni ne. Ashe kansa ya kwaikwaya yana busa, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ajiye harsashin nan a tabarma ya ce, “Ɗan ga ya buge ni, shi ya sa kuka ganina yau. Ku zamna shi gwada muku.” Har azahar ina nuna musu.

Tawa tana akwati a kulle. Na ce wa Zubaida tana bukatar mai ne.

Asabar za mu koma dajin. Ni zan ɗaukar masa ta toka.