Sau Biyu Ruwan Bayan Matata Yana Lalacewa a Hanya

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Gwaje-gwaje na babban asibitin da ake tura mu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya ƙoƙari? Ni manomi ne daga Kebbe. Na gaji da tsayuwa a bakin tagarku, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko. Tun farkon damina matata Hajo ta daina barci, ta shiga surutai, sai farfaɗiya. Aka ce iska ce. Ruƙiyya da hayaƙi babu wanda ba mu yi ba. Daga baya likitanku ya ce garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar ƙwaƙwalwarta, kuma akwai magani, amma sai an gwada jininta da ruwan ƙashin bayanta.

Na biyu. Ashe ba ku yin gwajin. Aka ɗebi ruwan, aka miƙo mini kwalba, wai in aika wani ɗakin gwaji a Kudu, kuma kada zafi ya taɓa shi. Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba! Na yi abin da muka saba: na zuba ƙanƙara a kular abinci, na ba direba a tasha, yadda muke aika albasa. Mota ta kwana a hanya, ruwa ya lalace. Muka sake goyo a babur har Tambuwal, Hajo a tsakiya, ina riƙe da ita kada ta faɗo, sannan mota zuwa asibitinku. Aka sake soka mata allura a baya. Ruwa na biyun kuma direba ya manta shi a tasha, shi ma ya lalace. Ban ga laifinsa ba, ba aikinsa ba ne.

Na uku. 'Yan uwanta sun ce da an gama girbi za su kai ta gidan mari. Ba ni da abin nuna musu cewa ciwo ne mai magani.

Roƙona, ku riƙa aika ruwan da kanku, ta hanyar da kuka san zai isa. In ba hali, ku da likita ku samo mana mafita kafin a ɗebi ruwa na uku.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raba iyalinka da irin wannan ciwo. Duk ranar da hankalin Hajo ya dawo, takan tambaye ni ko sakamako ya fito, nakan ce yana hanya. Gero kuwa ya riga ya nuna.

Wassalam.

Naka,
Mijin Hajo, Kebbe