Takardar Ɗigo-Ɗigo da Na Yanka Daidai

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, Abban Zuhra.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji da kallon ƙofa, da fatan jikin Inna ya ƙara ƙwari. Da hannuna nake rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in turo maka, domin da zarar na ji muryarka a waya sai maganata ta gudu ta bar ni da lafiya lau. In ka ga harafi ya karkace, ka san ɗalibarka ce.

Ka tuna ɗakinmu na unguwar Sentul, shekarar da karatunka ya kawo mu ƙasar nan? Ranar da na ɓata a jirgin ƙasa saboda ban iya karanta sunan tasha ba, na dawo da ledar kifi a hannu, idona ja. Ka yi dariya kaɗan, na gani, sannan ka zuba gishiri a faranti, ka kama yatsana kana ja a ciki. Ni uwar ɗiya, ina koyon baƙi kamar 'yar shekara biyar. Kalmar farko da na roƙa ka nuna mini ita ce sunanka, Halliru, wanda bakina bai taɓa furtawa ba don kunya. Ashe hannu ba shi da kunyar baki.

Ka ce mako biyu za ka yi a gida wajen jinyar Inna. Annoba ta rufe iyaka a bayanka, ta bar mu ni da Zuhra a benen nan na unguwar Cheras, ruwa yana zuba kullum da la'asar kamar mai taya ni kuka. Ba na zargin ka da wannan. Abin da ya ruɗa ni daban ne, kuma a aikin makarantar ɗiyarka na tsince shi.

Tun da aka rufe makarantu, a waya suke karatu. Makon jiya mai babur ya kawo mata saƙo daga malamarsu ta kimiyya: wata doguwar takarda siririya kamar zaren ma'aunin tela, cike da ɗigo-ɗigo. Zuhra ta ce an ɗaura ta a bayan wata 'yar motar gwaji, an sake ta a gangaren katako, wata na'ura kuma tana buga ɗigo a kai ba fashi, sau hamsin a sakan ɗaya. Aikinta shi ne ta yayyanka takardar, ta manna guntayen a jere a tsaye, gefe da gefe, su nuna yadda motar ta yi gudu.

Sai ta shiga wanka ta bar almakashi a tebur. Ka san ni da almakashi. Na ce bari in rage mata aiki. Na ɗauko ma'aunina na ɗinki, na auna, na yanka kowane guntu tsawon ɗan'uwansa, babu wanda ya fi wani ko da faɗin farce. Na jera su gwanin sha'awa ina jiran godiya. Da ta fito ta tsaya ta dafe kai. Ta ce Umma, kin mayar da gangare fili. Ta fara da Hausa, ta koma Turanci, ta ƙarasa da yaren ƙasar nan, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Ashe ba da tsawo ake yankawa ba, da ƙirga ɗigo ne, goma-goma, domin kowane guntu ya zama lokaci ɗaya. Sai na farko ya fito gajere, na bayansa ya fi shi, haka su yi ta hawa kamar matakala, kowa ya ga motar tana ƙara sauri. Nawa kuwa sun ce tafiyarta ba ta canza ba, alhali ta canza. Mun yi yamma guda muna haɗa guntayen da gam, muna neman wanda ke bin wani. Daga baya ta yi dariya, ta ce duk ajinsu babu mai takarda mai faci sai ɗiyar tela.

Ni ban yi dariya sosai ba, ya hasken gidana, don tun ranar kaina bai zauna ba.

Na ɗauka inda ɗigo ya yi cunkoso nan ne gudu, kamar ɗinki idan ƙafa ta matsa wa keke. Zuhra ta ce a'a, cunkoso jan ƙafa ne. Idan tazara ta buɗe tsakanin ɗigo da ɗigo, abin ya yi nisa cikin ƙanƙanin lokaci, wato yana gudu. To ni kiran wayarka ne ɗigona. Da farko safe da yamma, sannan kullum sau ɗaya, yanzu sai Juma'a ta zagayo. Tazara ta buɗe. Gudu kake yi ke nan? Na tambaye ta, ba tare da na ambace ka ba, ko takardar tana faɗin inda motar ta nufa. Ta juya ta sama da ƙasa ta ce a'a, sai wanda ya ga lokacin da aka sake ta. Kana gudu ne wajen neman hanyar dawowa, har ba ka da sukunin kira? Ko gudun ya fuskanci wani wajen?

Akwai kuma zanen layi da suke yi bayan mannawa. Na ga wani layi a kwance, na ce wannan ya mutu. Ta ce ya danganta da abin da aka rubuta a gefen zanen. In nisa ake aunawa, abin ya tsaya cak. In sauri ake aunawa, yana tafiyarsa lafiya, bai ƙara ba bai rage ba. Layi ɗaya, labari biyu! Muryarka haka take a kunnena yanzu, a kwance. Ki yi haƙuri, ki kula da yarinya, Allah zai kawo mafita. Kowane mako tsawon na makon jiya. Ina jin tsoron kai ma da ma'auni kake yanka mini magana, don ta yi kyau a ido, kada in ga hawa ko gangara.

Ya rijiyar da ba ta taɓa ba ni ruwa mai laka ba, ni ce na kwana kusa da kai shekarun da binciken digirin nan naka ya ƙi ƙarewa. Na ga yadda kake rufe kwamfuta in saƙon malaminka ya shigo. Littattafanka suna nan inda ka bar su, ina goge musu ƙura, kuma tun da ka tafi ba ka tambaye ni su ba ko sau ɗaya. In karatun ne ya ishe ka, ka faɗa mini. Ban auri takardar digiri ba. Da ita da babu ita, kai ne wanda idan ya yi tari a matakala nake gane shi tun daga hawa na uku.

Ga abin da ya sa na kasa jira. Hajiya Turai ta hawa na ƙasa ta ce ana shirya jirgin da zai kwashe masu son komawa gida, kuma ranar Litinin za a rufe karɓar suna. In mun hau, Zuhra ta rasa jarrabawar da take wa shiri, ita da ko rubutun Hausa ba ta iya sosai ba, ta faɗa makarantar da ba ta sani ba. In mun zauna kai kuma ba ka da niyyar dawowa, wa muke jira? Ban gaya mata ba. Tana can tana zana layinta tana waƙa, ni ina nan na ƙona miya sau biyu.

Kafin Litinin ka kira ni, ka bar haƙurin nan gefe, na ƙoshi da shi. In ka ce mu taho, zan naɗe tabarma in sayar da keken ɗinki, in faɗa wa yarinya da bakina, in ɗauki fushinta ni kaɗai. In ka ce mu zauna, zan zauna ko damina nawa za a yi, amma ka ce za ka dawo, da kalmar dawowa a ciki. In kuma kai ma ba ka sani ba, ka faɗi hakan, mu zauna a waya mu ruɗe tare. Wannan ma zan iya ɗauka.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe mini ido,

Hureira