Na Ce Musu Yayata Ba Ta Da Lafiya

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kar a zage ni kafin a ji ƙarshe.

Ni da Yayata gida ɗaya muke a Palladan tun da mazanmu suka rasu. Ni ba mai fita ba ce, ita kuwa ta daɗe tana fitowa a fim, amma kullum mayya ce ko muguwar uwar miji, ta daka tsawa biyu a sallame ta. Bara wasu masu shirya fim na Samaru suka tashi yin labarin wata dattijuwa mai tuwo a tasha, zamanin da jirgin ƙasa ya fara zuwa ana kafa Sabon Gari. Labarin duk a kanta yake. Yaya ta je gwaji, ta dawo tana taka rawa a tsakar gida: "Ke kifin rijiya, yau dariya aka ce in yi!" Ta ciro zanen saƙin kakarmu, ni ina gyara mata furuci, don ni na riƙe yadda tsohuwar take magana.

Ranar da darakta ya neme ta wayarta tana wurin gyara, sai ya kira tawa. "Mama, a gaya wa Hajiya ita muka ɗauka, wata biyu za mu yi a ƙauye." Wata biyu ni kaɗai? Da wa zan yi hira, da bango? Sai na ji bakina yana cewa, "Ayya ɗana, hawan jini ya kwantar da ita, an kai ta Kano." Yaya ta yi ta jira, kunya ta hana ta bin sawu.

Tare muka kalli fim ɗin a talabijin. Wata 'yar yarinya suka sa, an barbaɗa mata hoda a gashi, tana dogara sanda. Yaya ta ce, "Ashe ko tsufan ma ban iya ba." Ta ninke zanen ta mayar akwati. Ni ko ƙwalla ban yi ba, tashi na yi na ɗora tuwo. Har yau ba na jin komai, wannan ma shi ya fi ba ni tsoro. Ta daina fita, ga ta kullum a gabana yadda na so, amma hirar babu.

Jiya darakta ya sake kira, wai sai yanzu ya sami sukuni, ranar Juma'a zai zo duba jikin Hajiya. Na ce Allah ya kai mu.

Yau Laraba. Jama'a, me zan yi?